Ruwa ba ya tsami banza: gansakuka a cikin pisin

Pisin

Pisin wani babban rami ne da ake ginawa da siminti, a shafe cikinsa sumul, a cika shi da ruwa don mutane su yi iyo. Ana samunsa a manyan otel-otel, da filayen wasanni, da wasu gidajen birni. Ruwan pisin mai kyau garau yake. In aka jefa dala a wuri mai zurfi, wanda ke tsaye a baki yana hango ta.

Ruwan kogi gudu yake yi, sabo na korar tsoho. Ruwan pisin kuwa a tsare yake kamar na tabki. Rana na dukansa, iska na zuba masa ƙura, masu iyo na kawo masa gumi da dauɗar jiki. Abu uku ke riƙe da tsabtarsa: pompo mai juya ruwa, da matatar rairai mai kama datti, da magani mai kashe ƙananan halittu. In ɗaya daga cikinsu ya daina aiki, cikin kwana biyu ko uku ruwa sai ya fara yin tsanwa. Bango ya yi santsi, ƙasa ta ɓace wa ido. To, gansakuka ta shigo ke nan.

Gansakuka

Kowane yaro ya san gansakuka. Ita ce ke kwanciya bisa tabki bayan damina, ita ce ke fitowa a bakin rijiya da cikin kwamin shayar da dabbobi. Halitta ce mai rai, mai kama da tsiro, amma ba ta da saiwa, ba ta da kara, ba ta da ganye. Wadda ke rina ruwan pisin ƙanana ce ƙwarai. Ko an jera ɗari daga cikin ƙwayoyinta, da ƙyar su kai tsawon milimetir ɗaya. Ido ba ya ganin guda, sai da madubin nan na likita mai ƙara girman abu, wato mikoroskop.

Gansakuka na da kulorofil, abin nan da ke sa ganyen itace ya yi tsanwa. Da shi take amfani da hasken rana ta haɗa abincinta. Tana bukatar abu huɗu: ruwa, da haske, da gaz karbonik, wato iskar da mutane da dabbobi ke fitarwa wajen numfashi, da kuma ɗan taki. Takin nata yana fitowa daga ƙura, da ruɓaɓɓen ganye, da kashin tsuntsaye, da gumi, da fitsari. Ɗumi yana ƙara mata sauri. Shi ya sa ta fi yawa lokacin bazara, da kuma bayan hadari mai ƙura.

Ba wanda ke shuka ta. Iska da ruwan sama ke kawo irinta, wani lokaci kuma kayan iyon wanda ya shiga tabki. Ƙwaya ɗaya sai ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. A ce kowace rana yawanta yana ninkawa sau ɗaya. A kwana 10 ƙwaya guda ta zama 1.024. A kwana 20 ta zama 1.048.576. Da farko ido ba ya ganin kome. Sa'ad da launi ya bayyana, ta riga ta daɗe tana haihuwa. Don haka ake cewa ruwa ya yi tsanwa dare ɗaya, alhali kuwa abin ya faro tun tuni.

A pisin an fi gamuwa da iri uku. Akwai mai tsanwa, wadda ke yawo cikin ruwa, ita ce ta fi saurin yaɗuwa, ita ce kuma ta fi sauƙin kashewa. Akwai mai ruwan ɗorawa, wadda ke kwanciya kamar gari a bangon da ke inuwa. Akwai baƙa, wadda ke yin ɗigo-ɗigo cikin tsagar siminti, ta rufe kanta da ɓawo. Wannan ita ce mai taurin kai, sai an kankare ta.

Kulor, mai gadin ruwa

Maganin da aka fi zubawa a pisin shi ne kulor. Wani masani na ƙasar Suwidin mai suna Carl Wilhelm Scheele ya fara fid da shi a shekarar 1774. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin tsanwa-tsanwa, don haka launin iskarsa yake. Daga wannan kalma kulorofil ma ya samo suna. A shekarar 1789 wani Bafaranshe, Claude-Louis Berthollet, ya haɗa ruwan wanki mai kulor a Jabel, wani ƙauye a bakin kogin Sen wanda yau ya zama unguwa cikin birnin Paris. Shi ne ruwan jabel da ake sayarwa a kanti. A pisin ana amfani da jabel, ko garin kulor, ko kulor na ƙwaya.

In kulor ya shiga ruwa, yana fasa jikin ƙwayoyin cuta da na gansakuka, su mutu. Amma shi ma ƙarewa yake yi wajen wannan aiki. Duk ganyen da ya faɗa, duk gumin da ya shiga, sai ya ci wani kashi nasa. Wanda ya rage bai gamu da kome ba, shi ake kira kulor mai aiki, shi ne kuma ake aunawa. Pisin na bukatar miligaram 1 zuwa 3 a kowane litir, dare da rana.

Rana ma abokiyar gaba ce. Haskenta na iya cinye mafi yawan kulor cikin awa biyu ko uku. Saboda haka ake ƙara wani magani mai yi masa laima, asid siyanurik, wajen miligaram 30 zuwa 50 a litir. In ya wuce kima, sai ya daure kulor ya hana shi saurin aiki. Ba ya kuma ƙarewa da kansa, sai an rage ruwa an ƙara sabo.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi. In suka ji pisin na warin jabel, idanunsu sun yi ja, sai su ce magani ya yi yawa. Sau da yawa ba haka ba ne. Warin na fitowa daga kulor wanda ya riga ya gamu da gumi da fitsari. Ruwa mai tsabta ba shi da wari mai ƙarfi.

Tsami da kanwa

Ba yawan kulor kaɗai ake dubawa ba. Ana duba halin ruwan kansa. Wasu abubuwa masu tsami ne, kamar lemun tsami da tsamiya. Wasu kuma dangin kanwa ne, kamar toka da sabulu. Ma'aunin wannan hali shi ake kira pH. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Tsakiya 7 ce, nan ruwa tsantsa yake. Ƙasa da 7 wajen tsami ne, sama da 7 wajen kanwa ne.

Ƙarfin kulor ya rataya ga pH. A kan 7, wajen kashi uku cikin huɗu na kulor yana da kaifi. A kan 7,5 saura rabi. A kan 8 saura kashi ɗaya cikin huɗu. Wato mutum na iya zuba magani isasshe, amma ruwan ya dakushe shi. In kuma pH ya sauka da yawa, ruwa na cin ƙarfe da siminti, yana sa ido zafi. Shi ya sa ake riƙe shi tsakanin 7,2 da 7,6.

Gansakuka na gyara wa kanta wuri. Gaz karbonik da ke cikin ruwa yana ba shi ɗan tsami. In ta shanye shi, pH sai ya hau. In pH ya hau, kulor ya yi rauni. In kulor ya yi rauni, ita kuma ta ƙara yawa. Haka abin ke zagayawa har ruwa ya yi kore shar.

Abin da ya faru a Riyo

Wannan matsala ba ta ƙananan wurare kaɗai ba ce. An yi wasannin Olamfik a birnin Riyo na ƙasar Birazil daga 5 zuwa 21 ga Agusta 2016. A can ne ɗan Nijar Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci lambar azurfa a wasan tekwando. A filin wasannin ruwa mai suna Maria Lenk akwai pisin biyu dab da juna, ɗaya na masu tsalle daga bisa su faɗa ruwa, ɗaya babba na masu ƙwallon ruwa da masu rawa cikin ruwa.

Ran 9 ga Agusta ruwan pisin masu tsalle ya wayi gari tsanwa. Duniya duka ta gani a talabijin. Kashegari babban ma ya fara sauya launi. Aka yi ta ƙara magani, har wasu ƴan wasa suka yi kukan idanunsu na zafi. Da farko masu shirya wasannin suka ce gansakuka ce, zafi da rashin iska suka taimaka mata. Ran 13 ga wata suka ƙara bayani. Suka ce tun ran 5 ga wata wani ma'aikaci ya zuba litir 80 na ruwan oksijene a kowane pisin. Ruwan oksijene shi ne wanda likita ke wanke miki da shi yana kumfa. Shi ma yana tsabtace ruwa in shi kaɗai ne. Amma in ya gamu da kulor, sai su kashe juna. Aka bar ruwa ba mai gadi.

Masu rawa cikin ruwa suna bukatar ganin juna a ƙasa, alƙalai ma suna bukatar ganinsu. Lokaci ya ƙure, ba damar jiran magani ya yi aiki. Sai aka kwashe ruwan babban pisin cikin dare, wajen litir 3.700.000, aka maye shi da ruwan wani pisin na horo da ke kusa. In da za a ɗebe shi da bido mai cin litir 20, sai an cika 185.000.

Darasi biyu ke cikin wannan labari. Na ɗaya, magani biyu masu kyau na iya ɓata juna. Na biyu, launi alama ce. Kafin ruwa ya yi tsanwa, wani abu ya riga ya sami kulor. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Haɗarin ruwa mai tsanwa

Gansakukar pisin ba ta cika sa cuta da kanta ba. Amma inda ta rayu, ƙwayoyin cuta ma suna rayuwa, tun da mai kashe su ya ƙare. Wanda ya shiga irin wannan ruwa yana iya kamuwa da zawo, ko ciwon ido, ko ciwon kunne, ko ƙuraje.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma. In yaro ya nitse cikin ruwa garau, ana hango shi a ciro shi nan da nan. In ruwa ya yi duhu, ba mai ganinsa. Wanda ke nitsewa ba ya iya kuwwa, kuma ƴan mintoci kaɗan sun isa rai ya salwanta. Ga kuma santsi: matakala mai gansakuka na kada babba da yaro. Don haka doka ita ce: in ba a ganin ƙasan pisin, ba a shiga.

Haɗari na uku sauro ne. In aka yi watsi da pisin, pompo ya tsaya, sauro sai ya zuba ƙwai. Lokacin zafi, cikin sati ɗaya zuwa biyu ƙwan ya zama sauro mai tashi. Maƙwabta su kwana da cizo, masassara ta shiga unguwa.

Yadda ake gyara

Ba kullum ake zubar da ruwa kamar yadda aka yi a Riyo ba. Ruwa na da tsada, musamman a ƙasar da mata da yara ke tafiya mai nisa nemansa. Ana iya warkar da shi, in an bi aikin daki-daki. Aiki ne na manya.

1. A rufe pisin, a hana kowa shiga.

2. A kwashe ganye da datti da raga mai dogon sanda. Duk abin da aka bari zai ci kulor a banza.

3. A auna ruwa. Ana ɗiba a ƴar kwalba, a ɗiga maganin gwaji, a gwada launin da na jikin kwali. In pH ya hau, a sauko da shi zuwa 7,2 da maganin rage pH. Wannan shi ne farko, don in kulor ya yi yawa awon pH ba ya fita daidai.

4. A goge bango da ƙasa da matakala da buroshi. Gansakuka na rufe kanta da yauƙi. Sai an fasa yauƙin magani ke isa gare ta.

5. A zuba kulor mai yawa gaba ɗaya, miligaram 10 a litir ko fiye, gwargwadon duhun ruwan. Da maraice ake yi, bayan rana ta faɗi, don ya kwana yana aiki. In gari ne, a narka shi cikin bokitin ruwa, a bi gefen pisin ana zubawa, pompo na juyawa.

6. A bar pompo na aiki dare da rana. Matatar rairai za ta cika da matacciyar gansakuka. In allurar agogonta ta hau, a juya ruwa ya bi ta baya ya wanke rairan, a zubar da ruwan wankin.

7. A sake awo safe da yamma. Duk lokacin da kulor ya sauka, a ƙara. Nan ne mutane da yawa ke kasawa. Suna zubawa sau ɗaya su tafi, wadda ta tsira ta sake haihuwa. In aiki na tafiya daidai, launi zai tashi daga tsanwa ya koma toka-toka, sannan fari-fari kamar an ɗiga nono. Wannan farin gawar gansakuka ce.

8. In farin ya ƙi washewa, a sa alam, wanda wasu ke kira lalam. Shi ne mata ke kaɗawa cikin ruwan tabki don laka ta kwanta. Yana tara ƙananan ƙwayoyi su dunƙule su yi nauyi. A tsaida pompo dare ɗaya. Da safe a zuƙe abin da ya kwanta da tiyo, sannu a hankali, a fid da shi waje, kada ya bi ta matata.

Aikin na ɗaukar kwana biyu zuwa sati guda. Alama uku ke nuna an gama. Ana ganin ƙasa sarai a wuri mafi zurfi. Kulor da aka auna da dare bai ragu da fiye da miligaram 1 ba kafin fitowar rana. Sannan ya sauko tsakanin 1 da 3, pH kuma yana tsakanin 7,2 da 7,6. Sai alamun uku sun cika ake buɗe pisin.

Wani lokaci ruwa na yin tsanwa amma garau, bango kuma ba santsi. Wannan ba gansakuka ba ce. Jan ƙarfe ne ya narke cikin ruwa, daga bututu ko daga wani magani. Ƙara kulor ba ya gyara shi, akwai maganin kama ƙarfe dabam. Don haka ake dubawa kafin a zuba kome.

Lissafin magani

Ba a zuba magani da ka. Sai an san yawan ruwa. A ɗauki pisin mai tsawon metir 10, faɗin metir 5, zurfin metir 1,5.

10 x 5 x 1,5 = metir kib 75.

Metir kib ɗaya litir 1.000 ne. Wato pisin na ɗauke da litir 75.000, ko bido 3.750.

Miligaram 10 a litir daidai yake da garam 10 a metir kib. To, 75 x 10 = garam 750 na kulor.

Garin da ake sayarwa ba kulor tsantsa ba ne. In an rubuta 65 % a jikin gwangwani, cikin garam 100 akwai garam 65 na kulor. Sai a raba 750 da 0,65, a sami wajen garam 1.150, wato kilo ɗaya da garam 150. In jabel ne mai 2,6 %, litir ɗaya na da wajen garam 27. Sai a raba 750 da 27, a sami wajen litir 28. Ƙarfin jabel ya bambanta, kuma yana raguwa in ya daɗe a wuri mai zafi. Kullum a karanta abin da ke rubuce.

Hattara

Maganin da ke kashe gansakuka yana iya kashe mutum.

Ba a haɗa jabel da asid, ko da maganin rage pH, ko da ruwan batir. Haɗin na fid da iskar kulor mai ƙona huhu.

Ba a haɗa garin kulor da kulor na ƙwaya cikin mazubi ɗaya. Suna iya kamawa da wuta ko su fashe.

Magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa bisa magani.

Mai aiki ya sa safar hannu da tabarau, ya ba iska baya. In magani ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi likita.

A ajiye magani a inuwa, wuri busasshe, a kulle. Ba a juye jabel cikin kwalbar lemo, don yaro na iya ɗauka ya sha.

Ba a zuba jabel a tabki ko a kogi. Yana kashe kifi da kwaɗi. A can gansakuka na da amfani: abincin ƙananan halittu ce, tana kuma ba ruwa iskar oksijen. Ruwan pisin ma ba a ba shuka shi sai kulor ya fita.

Rigakafi ya fi magani

Mai kula da pisin yana auna kulor da pH kowace rana, ya rubuta a littafi. Yana kunna pompo awoyin da suka isa ruwan duka ya bi ta matata. Yana goge bango sau ɗaya a sati. Bayan hadari, ko ranar da mutane suka yi yawa, yana sake awo. Masu iyo kuma su yi wanka kafin su shiga, kada su yi fitsari a ciki, mai zawo ya dakata sai ya warke.

Wanda ba shi da pisin ma yana da rabo a wannan darasi. Gansakuka ba ta rayuwa a duhu. Randa da tulu da tano in an rufe su, ana kuma wanke su, ba sa yin tsanwa. Bido mai barin haske ya shiga ya fi mai duhu saurin yin gansakuka. Kwamin dabbobi da wurin tara ruwa na garka suna son a kwashe su a goge lokaci-lokaci.

Abin riƙewa

Gansakuka halitta ce mai rai. Tana son ruwa, haske, ɗumi da taki. Tana yawa a pisin in kulor ya ƙare ko ya yi rauni. Ana gyara ruwa bi da bi: awo, daidaita pH, goge bango, kulor mai yawa da maraice, tacewa dare da rana, sake awo. Ruwan da ba a ganin ƙasansa ba a shigarsa.

Ma'anar kalmomi

Pisin: ginannen tabkin iyo.
Kulorofil: abin da ke ba ganye da gansakuka launin tsanwa.
Miligaram: garam ɗaya in an raba shi 1.000.
Metir kib: cikin akwati mai metir ɗaya tsawo, metir ɗaya faɗi, metir ɗaya zurfi.
pH: ma'aunin tsami da kanwa.
Yauƙi: santsi irin na miyar kuɓewa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu gansakuka ke bukata don ta rayu?
2. Mi ya sa ake zuba kulor da maraice?
3. Mi ke samun kulor in pH ya kai 8?
4. Mi masu shirya wasannin Riyo suka ce ya kashe kulor?
5. Don mi ba a shiga ruwan da ba a ganin ƙasansa?
6. Yaya ake bambanta tsanwar gansakuka da ta jan ƙarfe?
7. Wani pisin na da tsawon metir 25, faɗin metir 12, zurfin metir 2. Litir nawa yake ci? Garam nawa na kulor ake bukata don a kai miligaram 10 a litir?

Aikin gwaji

Na ɗaya. A samo kwalba huɗu masu haske, a cika su da ruwan tabki, a rubuta musu lamba. Ta 1 a ajiye ta inda haske yake. Ta 2 a sa ta cikin kwali a rufe. Ta 3 a sa mata ƙwaya biyu ko uku na takin zamani, a ajiye ta kusa da ta 1. Ta 4 malam ya ɗiga mata jabel ɗigo biyar kowace rana, ita ma a ajiye ta can. Ƴan makaranta su duba kullum har sati biyu, su rubuta launin kowace kwalba cikin kayensu. Wace ce ta fara yin tsanwa? Wace ce ba ta yi ba? Ba a shan wannan ruwa, kuma a wanke hannu bayan aiki.

Na biyu. A jiƙa zoɓorodo, a tace, a raba ruwan kofi uku. Na farko a bar shi haka nan. Na biyu a matsa masa lemun tsami. Na uku a jefa masa ƴar kanwa. A jera su a kwatanta launinsu. Da irin wannan sauyin launi ne maganin gwaji ke nuna pH na ruwan pisin.